Me ya sa manyan ƙasashen duniya ke kashe kuɗi don su yi mana magana da Hausa?

Wani ɗalibi mai nazarin kimiyyar siyasa ya aiko da tambaya yana cewa tun yana yaro yake jin mahaifinsa na kama BBC da Muryar Jamus da Muryar Amurka, to yana so ya san abin da ya sa gwamnatocin da ke nesa da mu suke ɗaukar nauyin tashoshin da ke magana da Hausa, da lokacin da wannan al'ada ta shigo cikin hulɗar ƙasa da ƙasa, da kuma ko akwai wani bambanci na haƙiƙa tsakanin abin da ake kira diflomasiyyar jama'a da farfaganda.

Malam, tambayarka ta taɓo wani babban sauyi da ya faru a dangantakar ƙasashe cikin shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, diflomasiyya sana'ar fada ce. Sarki yana aika jakada zuwa ga sarki, a zauna a ɗaki a rufe ƙofa, a ƙulla yarjejeniya, talaka kuwa ba ya sanin abin da aka ƙulla sai ranar da aka ce ya ɗauki bindiga. Taron Biyana na 1815, wanda ya sake zana taswirar Turai bayan faɗuwar Napoleon, shi ne ya tsara darajojin jakadu da wanda zai gabaci wani, kuma babu wanda ya ga wajibcin tambayar mutanen yankunan da ake rarrabawa. Akwai 'yan ƙoƙarin jawo zukatan baƙi tun a wancan ƙarni, kamar ƙungiyar Alliance Française da aka kafa a birnin Paris a 1883 don yaɗa harshen Faransanci, amma ba a ɗauke su a matsayin jigon siyasar waje ba.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ne ya fasa wannan ɗaki. Yaƙi ne da ya ci miliyoyin rayuka, kuma gwamnatoci suka gane cewa ba za su iya ci gaba da shi ba sai da yardar masu biyan haraji da iyayen sojoji, a gida da waje. A watan Nuwamba na 1917, 'yan Bolshebik da suka karɓe mulki a Rasha suka buɗe ma'ajiyar ma'aikatar harkokin waje suka buga yarjejeniyoyin sirri a jarida, ciki har da ta Sykes da Picot, wadda Ingila da Faransa suka yi don raba ƙasashen Larabawa tsakaninsu alhali ana yi wa Larabawan alƙawarin 'yanci. Bayan makonni kaɗan, ranar 8 ga Janairu 1918, shugaban Amurka Woodrow Wilson ya gabatar da manufofinsa goma sha huɗu, kuma ta farkonsu ita ce a riƙa ƙulla yarjejeniyoyi a fili. Wilson bai cika wannan ba, domin a taron sulhu na Paris shugabanni huɗu ne suka keɓe suka yanke manyan hukunce-hukunce. Duk da haka maganar ta riga ta fita, kuma tun daga lokacin kowace gwamnati ta san cewa tana da abokan magana biyu a kowace ƙasa, wato masu mulki da waɗanda ake mulka.

Abin da ya ba wannan sabon tunani ƙafafu shi ne rediyo mai gajeren zango, wanda muryarsa ke tsallake teku da iyaka ba tare da neman izinin kowa ba. Rediyon Mosko ya fara watsa shirye-shirye zuwa ƙetare a 1929. BBC ta buɗe sashenta na daular Ingila a watan Disamba na 1932, da Turanci kawai, don Turawan da ke zaune a ƙasashen da suke mulka. Italiya ta Mussolini ce ta fara yi wa Larabawa magana da harshensu daga tashar Bari a 1934, tana zuga su a kan Ingila, kuma wannan ne ya tilasta wa Ingila ta buɗe sashen Larabci na BBC ranar 3 ga Janairu 1938, wanda shi ne harshen waje na farko da tashar ta yi amfani da shi. Ina so ka riƙe abin da ya faru a wannan rana, domin a cikinsa amsar rabin tambayarka take. A labaran farko da aka karanta, tashar ta ba da labarin wani Balarabe da hukumomin Ingila suka zartar wa hukuncin kisa a Falasɗinu. Jami'an ma'aikatar harkokin wajen Ingila suka fusata, suna ganin an buɗe tasha don gyara sunan ƙasa sai ga ta tana ɓata shi da bakinta. Masu tashar kuwa suka tsaya a kan cewa idan suka ɓoye labarin da mai sauraro zai ji a wani wuri, ba zai sake yarda da su ba ko a ranar da suka faɗi gaskiya. Wannan jayayya tsakanin mai biyan kuɗi da mai karanta labarai ba ta mutu ba har yau, a kowace tasha irin wannan.

Mu ma guguwar ta iso mu a daidai wannan lokaci, ta hanyar takarda. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta, tana daga cikin dalilan kafa ta toshe jita-jitar da ke yawo a Arewa game da Jamus da yaƙin da ke tafe. Turawan mulkin mallaka sun so ta zama bakinsu, amma da yake mutane sun riƙa aiko da wasiƙu ana bugawa, sai ta zama kuma dandalin da 'yan Arewa ke faɗin damuwarsu. Kayan aikin da aka ƙera don lallashi sau da yawa yakan kuɓuce wa maƙerinsa.

Amurka ta shigo fagen a makare. Muryar Amurka ta fara magana a watan Fabrairu na 1942 da Jamusanci, inda ta yi wa masu sauraro alƙawarin cewa labari ko mai daɗi ne ko marar daɗi za ta faɗa musu gaskiya. Bayan yaƙi, da aka shiga Yaƙin Cacar Baka da Tarayyar Sobiyet, sai aka gina wa aikin ginshiƙai na doka: shirin musayar ɗalibai da malamai na Fulbright a 1946, wanda aka fara da kuɗin sayar da ragowar kayan yaƙi, dokar Smith da Mundt a 1948, wadda ta tsara yadda gwamnati za ta riƙa yaɗa labaranta a ƙasashen waje, sannan hukumar yaɗa labarai ta Amurka, USIA, a 1953. Ita kanta kalmar diflomasiyyar jama'a a ma'anarta ta yau, wani tsohon jakadan Amurka mai suna Edmund Gullion ne ya fito da ita a 1965, lokacin yana shugaban makarantar Fletcher ta jami'ar Tufts. Dalilinsa a bayyane yake: kalmar farfaganda ta riga ta yi wari saboda Goebbels, ministan farfagandar Jamus a zamanin Hitler, da ma'aikatarsa, ana kuma bukatar suna mai tsabta. Saboda haka wanda ya ce sabon suna ne aka raɗa wa tsohon abu bai yi ƙarya ba. Sai dai ni ina ganin bai faɗi gaskiyar duka ba, kuma zan nuna dalili.

A cikin Yaƙin Cacar Baka an gwada hanyoyin biyu, ta farfaganda da ta diflomasiyyar jama'a, kuma an ga sakamakon kowacce. Rediyon 'Yantar da Turai, wanda ya fara aiki a 1950 yana watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen gabashin Turai, an gabatar da shi a matsayin tashar da jama'a ke tallafa wa da gudummawa, alhali hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke biyan mafi yawan kuɗinsa, abin da bai fito fili ba sai a 1967. A lokacin boren Hangari na 1956, wasu shirye-shiryen tashar sun sa masu bore sun ɗauka cewa taimakon Yamma yana tafe. Taimako bai zo ba, tankokin Sobiyet suka murƙushe su, dubban mutane suka mutu, kuma tashar ta daɗe tana wanke kanta daga wannan zargi. A 1956 ɗin dai, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari saboda mashigin Suwez, gwamnatin Ingila ta Anthony Eden ta matsa wa BBC lamba don ta daina watsa ra'ayin 'yan adawar da ke sukar yaƙin, har da barazanar rage mata kuɗi, amma tashar ta ci gaba da watsawa. Gwamnatin ta karɓe wata tashar Larabci da ke tsibirin Kubrus ta mai da ita Muryar Biritaniya, ma'aikatanta Larabawa suka ƙi ba da haɗin kai, tashar ta mutu ba da daɗewa ba. Sashen Larabci na BBC kuwa ya rayu a rediyo har zuwa Janairu 2023. Ita ma Tarayyar Sobiyet ta shafe shekaru tana kashe maƙudan kuɗi wajen toshe muryoyin Yamma da ƙara, ba ta daina ba sai a ƙarshen 1988, kuma gwamnati ba ta wahalar toshe muryar da mutanenta ba su yarda da ita ba.

Yanzu mu zo kan Hausa. Ba haɗari ba ne cewa sashen Hausa na BBC ya fara aiki ranar 13 ga Maris 1957, mako guda bayan Gana ta samu 'yancin kai, kuma watanni kaɗan bayan kunyar da Ingila ta sha a Suwez. Shiri ne na minti goma sha biyar, Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya gabatar da shi, kuma a cikin shekarar aka buɗe sassan Suwahili da Somaliyanci. Ingila ta ga cewa mulkinta a Afirka yana ƙarewa, gwamna da razdan da di'o za su tattara su tafi, tana kuma son wata hanya da za ta ci gaba da kasancewa a cikin zaure bayan an sauke tutarta. Tana da abokin hamayya mai ƙarfi a birnin Alƙahira, inda tashar Sautul Arab, wato Muryar Larabawa, take ta kiran a kori 'yan mulkin mallaka tun 1953, kuma Masar ta Jamal Abdul Nasir ta buɗe shirye-shirye da harsunan Afirka, har da Hausa. Daga nan sai aka yi ta shigowa. Rediyon Sin da Muryar Jamus duk sun fara Hausa a 1963, Mosko ma ta yi nata sashen, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, Iran ta buɗe nata bayan juyin juya halinta, Rediyon Faransa ya fara a 2007 daga Legas, Turkiyya kuma ta ƙaddamar da TRT Afrika a 2023 da Hausa a cikin harsunanta huɗu.

Lissafin da ya jawo su mai sauƙi ne. Hausa harshe ne da miliyoyin mutane ke ji daga Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar har zuwa zangunan Kumasi da Ankara a Gana, da arewacin Kamaru, da Chadi, da Sudan, saboda haka shiri ɗaya yana tsallake iyakoki da yawa a lokaci guda. Masu jin sa akasari Musulmi ne, suna zaune a yankin da ke da yawan ƙuri'a a ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, ga kuma yuraniyom a Nijar. Sannan al'umma ce mai al'adar sauraro. Manomi yana rataye rediyonsa a gona, makiyayi yana tafe da nasa, a teburin mai shayi kuwa ana kashe hira idan lokacin labaran duniya ya yi, a saurara, sannan a ɗora muhawara a kai. Wanda ya samu shiga wannan majalisa sau uku ko huɗu a rana ya samu abin da jakada ba zai samu ba ko da ya shekara yana ziyartar fadar gwamnati. Kowace ƙasa kuma da abin da take nema: Jamus ta Yamma tana gasa da Jamus ta Gabas kan wadda ƙasashen Afirka za su amince da ita, Sin tana neman ƙuri'un Afirka don ta karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya daga hannun Taiwan, abin da ta samu a 1971, Faransa kuwa tana kare matsayinta a ƙasashen da ta mulka.

Sai dai kada ka taƙaita abin ga rediyo. Edward Murrow, shahararren ɗan jaridar da shugaba Kennedy ya ɗora a kan USIA a 1961, yana cewa mafi muhimmancin tazara a wannan aiki ita ce 'yan takun ƙarshe da ke tsakanin mutum da mutum idan sun fuskanci juna. Shi ya sa aka zuba kuɗi a guraben karatu da ɗakunan karatu da ziyarce-ziyarce. Mosko ta buɗe Jami'ar Abotar Al'ummai a 1960, ta raɗa mata sunan Patrice Lumumba, firaministan Kongo na farko, bayan kashe shi, ta horar da likitoci da injiniyoyi 'yan Afirka masu yawa. Ingila tana da British Council, hukumarta ta yaɗa Turanci da al'adunta, tun 1934. Amurka ta aika mawaƙanta baƙar fata yawon duniya, har Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960 ya gana da Sardauna a Kaduna. A wajenmu kuwa, guraben karatun da suka fi canza rayuwar al'umma ba daga Turai suka zo ba. Azhar ta Masar ta daɗe tana karɓar ɗalibanmu, Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961 ta yaye malamai da suka dawo suka yi tasiri mai zurfi a wa'azi da karantarwa, Iran ma ta ja nata ɗaliban bayan 1979. Duk wanda yake son fahimtar muhawarorin addini a Kano ko Zariya ko Maraɗi a shekaru arba'in da suka wuce, dole ya dubi inda malaman suka yi karatu da wanda ya ɗauki nauyinsu. Wannan ma diflomasiyyar jama'a ce, ko da masu yin ta ba su kira ta da wannan suna ba, kuma ta fi ta rediyo nisan zango domin ɗalibi ɗaya yana iya karantar da dubbai.

Akwai iyakar da wannan aiki ba ya iya tsallakewa, kuma a nan ne nake ganin gwamnatoci suka fi yawan yaudarar kansu. Magana ba ta rufe aiki. A lokacin da Amurka ke tallar 'yanci ga sababbin ƙasashen Afirka, jakadun waɗannan ƙasashe suna shan wulaƙanci a kan hanyar da ta haɗa New York da Washington, har a 1961 aka hana jakadan Chadi, Adam Malick Sow, shan kofi a wani gidan abinci a jihar Maryland saboda launin fatarsa. Mosko ba ta bukaci ƙirƙirar ƙarya ba, sai dai ta ɗauko hoto ta nuna. Shi kansa Armstrong ya fasa wata tafiya da aka shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet a 1957 saboda fushin yadda aka hana yara baƙar fata shiga makarantar Turawa a garin Little Rock na Amurka. Abin da ya gyara sunan Amurka a wannan fanni shi ne dokar 'yancin jama'a ta 1964, wato canjin hali, kuma masana tarihi sun nuna cewa kunyar idon duniya tana cikin abubuwan da suka tura gwamnatin tarayya ta goyi bayan canjin. Haka aka sake gani bayan harin 11 ga Satumba 2001. Amurka, wadda ta rushe USIA a 1999 bisa zaton cewa gasar ta ƙare, ta dawo da gaggawa ta buɗe Rediyo Sawa a 2002 da talabijin na Alhurra a 2004, ta kuma yi tallace-tallacen da ke nuna Musulmi suna zaune lafiya a Amurka. Mamaye Iraƙi a 2003 da hotunan gidan yarin Abu Ghraib a 2004 suka shafe duk wannan cikin 'yan kwanaki. Joseph Nye, malamin jami'ar Harvard da ya fito da ra'ayin ƙarfin lallashi a 1990, ya lissafa tushensa guda uku, al'adun ƙasa da aƙidunta da manufofinta na waje, kuma na ukun ne kullum yake rusa na farko da na biyu idan ya karkace.

Nijeriya ta ɗanɗani wannan fage ta ɓangarorin biyu. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ɓangaren Biyafara ya ɗauki wani kamfanin hulɗa da jama'a mai suna Markpress a birnin Janeba, wanda ya riƙa rarraba sanarwa da kai 'yan jarida fagen yaƙi. Yunwar da ta kashe yara gaskiya ce mai ɗaci, kuma hotunanta da suka cika jaridun Turai da Amurka a 1968 sun motsa coci-coci da ƙungiyoyin agaji, suka sa gwamnatin Ingila ta sha matsin lamba a majalisarta kan makaman da take sayar wa Legas. Gwamnatin tarayya tana da rinjaye a fagen daga da kuma goyon bayan akasarin gwamnatoci, amma ta makara ƙwarai wajen fahimtar cewa akwai wani fagen a falon gidajen Turawa. Bayan yaƙin ta koyi darasi. A watan Janairu na 1976, da shugaba Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman su bi ra'ayin Amurka a kan Angola, gwamnatin Murtala Muhammad ta saki wasiƙar ga 'yan jarida tare da martani mai zafi, sannan Murtala ya je taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ya yi jawabin da har yau ake tunawa. Wannan magana ce da aka yi da gwamnatoci amma aka nufi kunnen jama'ar nahiyar. Bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka yi a 1977, da ƙaurace wa wasannin Olamfik na 1976 da na ƙungiyar Commonwealth na 1978 da 1986 saboda wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, da shirin tura ƙwararru na 1987 wanda ke aika likitoci da malamai zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan, duk sun saya wa ƙasar mutunci domin akwai aiki a bayansu. Kamfe ɗin gyaran suna da aka yi daga baya, irin na 2009 mai taken mutanen kirki da ƙasa mai girma, bai bar wani tasiri ba, saboda taken ya yi gaba ya bar wutar lantarki da tsaro da riƙon amana a baya. Abin da ya fi kai sunanmu nesa a yau, wato finafinai da waƙoƙi, ba gwamnati ce ta ƙirƙire shi ba, kamar yadda finafinan Indiya suka mamaye zukatan mutanen Kano ta hannun 'yan kasuwa masu gidajen silima ba ta hannun ofishin jakadancin Indiya ba.

To ina bambancin da farfaganda? Ni ma'aunina uku ne, kuma ba daidai suke da nauyi ba. Na farko, ko an san mai magana da mai biyan kuɗinsa. Tashar da ta ce ita Muryar Jamus ce ta riga ta gaya maka inda ta fito, saɓanin shafin Facebook da ke ɗauke da sunan Bahaushe alhali daga wata ƙasa ake sarrafa shi. Na biyu, wanda ya fi nauyi, ko tashar tana iya ba da labarin da zai kunyata gwamnatin da ke ciyar da ita. Dokar da shugaba Ford ya sa wa hannu a 1976 ta wajabta wa Muryar Amurka ba da labari sahihi kuma cikakke, kuma tashar ta ba da labarin badaƙalar Watergate da ta kayar da shugaba Nixon. Ka gwada wannan ma'auni a kan kowace tasha da kake saurare: ka jira ranar da ƙasarta ta yi abin kunya, ka ji yadda za ta faɗa. Na uku, ko ana sauraron ka kamar yadda ake so ka saurara, wato ko ra'ayin mutanen da ake yi wa magana yana komawa ya taɓa manufar da ake tsarawa. A wannan na uku kusan kowa ya gaza. Murrow da kansa ya koka cewa ana kiran sa ne idan jirgi ya faɗo, ba a kiran sa lokacin tashi.

Ko tashar da ta ci waɗannan ma'aunai ba ta zama marar manufa ba, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Son kan irin waɗannan tashoshi ba kasafai yake zuwa a sifar ƙarya ba. Yana zuwa ne a zaɓin labarin da za a fara da shi, da wanda za a bari, da masanin da za a kira, da kalmar da za a fassara wani abu da ita, ko a ce 'yan ta'adda ko 'yan tawaye ko mayaƙa. A nan dole a yaba wa ma'aikatan sassan Hausa, waɗanda 'ya'yanmu ne, domin sau da yawa sun mai da tashoshin dandalin da talaka ke jin muryar gwamna da ta ɗan adawa a shiri guda, musamman a zamanin mulkin soja lokacin da gidajen rediyon gida ba su da wannan dama. Sun kuma yi wa harshen hidima wajen ƙirƙiro kalmomin siyasa da kimiyya da yanzu kowa ke amfani da su. Amfanin da muka samu na gaske ne, amfanin da masu tashoshin suka samu shi ma na gaske ne, kuma ɗaya bai soke ɗaya ba.

A 'yan shekarun nan fagen ya sake cika, kuma Sahel na tsakiyarsa. Sin ta buɗe cibiyoyin Confucius na koyar da harshenta da al'adunta tun daga 2004, biyu daga cikinsu a jami'o'in Legas da Awka, ta kuma kafa cibiyar talabijin a Nairobi a 2012. Rasha ta kafa tashar RT a 2005. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani. Wayar hannu kuma ta rage wa gajeren zango daraja, ta ba kowa damar zama tasha, har da waɗanda ba sa son a san ko su wane ne. Gwamnatocin soja na yankin sun nuna cewa sun ɗauki muryoyin waje a matsayin ɓangare na rikicinsu da Yamma: Mali ta dakatar da Rediyon Faransa a 2022, Nijar ta dakatar da shi tare da France 24 a watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulki, sannan ta dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. A ɗaya gefen kuma masu tashoshin ne da kansu ke ja da baya. A watan Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta ba da umarnin rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka, aka tura ma'aikata hutun dole, sashen Hausa ya yi shiru bayan shekara arba'in da shida yana magana, kuma tashoshin FM na Nijeriya da Nijar da Gana da suka saba karɓar shirye-shiryensa suka wayi gari da gurbin da sai sun nemi abin da za su cike shi da shi.